Kwalbar Da Ba Ta Da Mai Ita

Malamar kimiyya ta 'yan aji biyar mace ce da ba ta yarda da kowa, kuma ba ta ɓoye hakan. In ɗalibi ya ce ciwon kai ne ya hana shi yin aikin gida, sai ta ƙare masa kallo daga sama har ƙasa, ta ce, "Allah ya sawwaƙe," da irin muryar da ke sa mai ciwon gaske ma ya fara shakkar kansa. Yara sun laƙaba mata suna Anti Kwalba. Ta san da sunan sarai, ta dai yi kamar ba ta ji ba, don a ganinta ya fi wanda suka sa wa malamin lissafi mutunci.

Sunan ya samo asali ne daga darasin gurɓacewar ruwa. Duk shekara in aka zo nan, sai ta raba wa kowa 'yar kwalbar roba iri ɗaya, ta ce ya ɗebo mata ruwan da ake sha a gidansu. Da can ana rubuta suna a jiki. To wata shekara ruwan wani yaro ya fito da dauɗa, 'yan ajin suka sa masa Kwatami, sunan ya bi shi har ya bar makarantar. Tun daga nan ta canza tsari. Babu suna, babu lamba, babu ko ɗigon biro. Sai ta ajiye babban baho a bayan ƙofar ɗakin gwaji, ta lulluɓe shi da tsohon labule, kowa ya zo ya zura hannu ya ajiye tasa ya wuce. Ita kanta ba ta leƙawa sai an gama, sannan ta cakuɗa kwalaben da hannu kamar mai wankin shinkafa. Tana ji da wannan dabara tata, har ta sha ba da labarinta a taron malamai ba tare da kowa ya tambaye ta ba.

Ɗakin gwajin dogo ne, da teburan siminti masu tabon ƙuna, da jerin famfuna waɗanda ɗaya ne kawai ke kawo ruwa. Ranar gwaji Monitar ajin, wata siririyar yarinya mai tsabta da ba ta cika magana ba, ita ke miƙo kwalabe ɗaya bayan ɗaya, tana wanke bututun gilashin da ake zuba ruwan a ciki. Malama sai ta tsoma 'yar takardar gwaji ta ɗaga kowa ya gani. In ta yi ja, akwai asid a ruwan. In ta yi shuɗi shar, to galibi wani ne ya wanke kwalbarsa da sabulu bai ɗauraye ba, sai a yi ta dariya, mai laifin ma yana taya su don kada a gane shi. Bayan takarda sai ta ɗiga wani magani mai warin ruɓaɓɓen ƙwai, wanda ke tona asirin dalma. Wannan don cika darasi kawai take yin sa. Tun da take koyarwa bai taɓa canza launin ruwan kowa ba.

An ci fiye da rabin bahon lokacin da Monita ta miƙo wata kwalba. Ruwanta garau, ya ma fi na sauran kyau a ido. Takarda ta ɗan yi ja. Malama ta ɗiga maganin tana ci gaba da bayani, ba ta ko kallon hannunta, sai ta ji 'yan gaba sun ce, "Kai!" Ta duba. Ruwan ya rine, ya koma kalar shayin da aka manta da ganye a ciki.

Wasu yaran har da tafi, sun zaci wasan na cikin darasi ne. Ita kuwa ta san ba wasa ba ne. Ta sa aka kawo wani bututun, ta wanke da kanta, ta sake zubawa, ta sake ɗigawa. Ruwan ya sake rinewa.

"Wannan ta waye?" ta ce.

Daga can baya wani dogon yaro ya ɗaga hannu. Lauya ake ce masa, don ba a taɓa faɗar magana ta wuce bai sa mata baki ba.

"Malama, da izininki, ai ke kika kafa doka ba a tambaya."

Aka kwashe da dariya. Ta dube shi, ta ga gefen bakinsa na motsi, nan take ranta ya ba ta cewa shi ne. Akwai kwalbar gishirin dalma a kabad ɗin magunguna, kuma wannan yaron in aka ce masa wuri a kulle yake, to an aike shi ne. Ta sallami kowa ta tsayar da shi.

"Yaushe ka shiga kabad?"

"Wane kabad, Malama?"

"Kar ka raina min hankali. Me ka zuba a kwalbar nan?"

"Wallahi tallahi ni ruwan famfon gidanmu na kawo. In ma zan yi tsokana, ai gishiri zan zuba ko sikari. Ina na san wata dalma kafin yau?"

Rantsuwar ba ta shige ta ba, don ta sha jin irinta. Ta kira Baba Makulli, dattijon da ke kula da ɗakin gwajin, wanda ake jin ƙarar makullansa tun kafin a ga shi.

"Baba, wa ka ba makullin kabad ɗin nan?"

"Ni? Ko uwar 'ya'yana ba ta taɓa riƙe shi ba."

"Ko ka ajiye ka shiga bayi?"

"Da shi nake shiga, Malama."

Ya buɗe kabad ɗin yana huci. Kwalbar gishirin dalma na can ƙurya, likin bakinta bai taɓu ba, gizo-gizo har ya yi saƙa tsakaninta da bango. Baba Makulli ya mayar da ƙofar ya kulle, ya ce, "Tun gashina na baƙi nake ɗakin nan, ko cokali bai taɓa ɓata ba. Yau ni ake tsarewa da ido." Daga ranar gaisuwarsa ta koma ta ɗaga hannu daga nesa.

Maganar gaskiya, Malama ta so a ce tsokana ce. Tsokana da sauƙi, a ba yaro sharar fili a wuce wurin. Amma in ba wanda ya zuba komai, to akwai wani gida da ake shan ruwan nan safe da yamma, ana dafa abinci da shi, ana ba yara. Ta san dalma. Ba ta wari, ba ta canza launin ruwa, tana shiga jini ta kwanta a ƙashi, tana cin ƙwaƙwalwar ƙananan yara a hankali ba tare da kowa ya lura ba. Kuma ita da hannunta ta cakuɗa kwalaben don kada a san mai ita. Abin ya tsaya mata a rai, abinci ma ta daina jin daɗinsa.

Ta kai maganar wurin shugaban makaranta, mutumin da ba abin da yake so a duniya kamar a tashi lafiya ba a kira shi a waya ba. Ya saurare ta yana juya biro.

"Malama, anya ba maganin naki ne ya lalace ba?"

"Na gwada da ruwan famfon makaranta, Yallaɓai, bai canza ba. Na koma kan ragowar na kwalbar, ya rine."

"To. Ki dai bi a hankali. Kin san iyaye. In maganar nan ta fita, gobe za ki ji an ce famfonmu ne ke kashe yara."

Ta fito tana zarginsa shi ma, ko da yake ba ta san da me ba.

Washegari ta karya dokarta a gaban kowa. Ta raba sababbin kwalabe, ta ce wannan karon kowa ya rubuta sunansa da manyan baƙi, kuma hannu da hannu za a ba ta. Ta yi musu bayanin illar dalma tiryan-tiryan, ta ce ba abin kunya ba ne, ba wanda za a yi wa dariya. Lauya ya buɗe baki, ta kalle shi, ya rufe. Kowa ya kawo tasa, ba wanda ya yi fashi. Ta gwada su kaf ita kaɗai bayan an tashi, tana ɗigawa tana riƙe numfashi. Ko ɗaya ba ta rine ba.

Nan ne fa ranta ya ɓaci na gaske. Ashe mai kwalbar ya san kansa. Ya ji duk abin da ta faɗa, ya je ya ɗebo ruwan wani wuri, ya rubuta sunansa, ya miƙa mata yana kallon idonta. A ajin nan akwai wanda ya gwammace a ci gaba da shan guba a gidansu da ya faɗa mata gaskiya.

Sai ta koma farauta. Tana rubutu a allo, amma rabin hankalinta na bayanta. Wa ya rame? Wa ke dafe ciki? Wa ke yawan mantuwa? Matsalar ita ce, in ka zuba wa 'yan aji biyar ido da wannan niyya, duk sai ka ga kamar marasa lafiya ne. Ta ɗora zarginta kan wata yarinya da ke barci a bencin baya, ta bi diddigi, ta tarar yarinyar dai barci ne kawai take so, haka yayarta ma ta yi a wannan bencin. Ta taɓa karanta cewa dalma kan bar wani duhu a dadashi, don haka ta fara ba da labaran ban dariya a aji don ta ga haƙoran mutane. Yaran da ba su taɓa jin ta yi raha ba suka tsorata, ba wanda ya yi ko murmushi. Lauya ya raɗa wa na kusa da shi cewa Anti Kwalba ta fara taɓuwa, ta kuwa ji shi.

Mutum ɗaya take iya yi wa ƙorafi, ita ce Monita, da ke tsayawa bayan darasi tana taya ta wanke gilasai.

"Wani a cikinku yana wasa da hankalina," Malama ta ce. "In kin ji wani abu, ki faɗa min."

"To, Malama." Yarinyar ta ci gaba da cuɗa bututu. Can ta ce, "Malama, in aka tafasa ruwan, dalmar tana fita?"

"Ba ta fita. Ruwan ne ma zai ragu, ita tana nan."

Malama ta ji daɗin tambayar, ta ce a ranta ga dai mai bin darasi. Wata rana kuma yarinyar ta tambaya ko tacewa da ƙyalle na yin amfani. Wata ranar ta tambayi alif, wanda ake sa wa ruwa ya kwanta. Malama na ba ta amsa dalla-dalla, har tana cewa da sauran za su yi koyi da ita da an huta. Sai ranar da suke jera gilasai a kabad, yarinyar ta ce, ba tare da ta ɗago ba, "Mai juna biyu fa, Malama? In ita ta sha, ita kaɗai abin ke taɓawa?"

Malama ta ba ta amsa, amma wannan karon amsar ta fito a hankali. Wannan ba ya cikin darasi, ba kuma irin abin da ake tambaya a jarrabawa ba ne. Ta bi yarinyar da kallo har ta fita.

Da aka tashi ba ta tafi gida ba. Ta tsaya a bakin tagar ɗakin malamai inda ake hango famfon makaranta. Fili ya watse, masu shara sun gama. Sai ga Monita ta fito daga bayan ajujuwa tana waige-waige, ta zuge jakarta, ta ciro manyan gorunan roba biyu, ta tara a famfo. Ta cika su, ta ɗaure bakin da leda, ta cusa su cikin littattafai, ta saɓa jakar da ƙyar har tana karkacewa.

Abin ya yi wa Malama ciwo. Ta zargi Lauya, ta ɓata da Baba Makulli, ta ƙura wa aji guda ido, amma wadda ke tsaye a gefenta kullum, wadda ta miƙo mata kwalbar da hannunta, ko sau ɗaya ba ta zo mata a rai ba. Ta fito ta tare ta kafin ta kai ƙofa.

"Ina za ki kai ruwan nan?"

Yarinyar ta yi tsuru-tsuru. Ta dubi ƙofa, ta dubi ƙasa, sai hawaye.

"Ummata nake kai wa."

"Kwalbar taki ce."

"Tawa ce, Malama."

Maganar ta fito guntu-guntu. Abbanta tsofaffin baturan mota yake saye, ya fasa su a tsakar gida, ya cire dalmar ya narka ya sayar. Ruwan cikin batirin kuma a gindin katanga yake zubarwa, kusa da rijiya. Tun ranar da Malama ta fara darasin ta sha jinin jikinta, shi ya sa ta ɗebo na rijiyar don ta sani. Da ta ga ruwa ya rine ta san ba na kowa ba ne sai nata, sai kuma ta rasa inda za ta sa kanta. Kullum tana juye ruwan makaranta a gorar da Umma ke sha ba tare da ta faɗa mata ba, amma girki da shayi duk da na rijiya ake yi, goruna biyu ba sa kai ko'ina.

"Me ya hana ki faɗa min?"

"In na faɗa miki za ki faɗa wa shugaba, shi kuma ya faɗa wa hukuma, a zo a rufe wurin. Abba ba shi da wata sana'ar. In kuma shi na faɗa wa, zai ce makaranta ta koya min raina abin da yake ciyar da mu da shi." Ta share fuska da bayan hannu. "Don Allah, Malama, ki bari Umma ta haihu tukuna."

"Jiran ne ba mu da shi," Malama ta ce. Ta karɓi gora ɗaya ta riƙe. "Wuce mu je."

Suka bi ta bayan tasha, suka ratsa layin masu gyaran mota inda ƙasa ta yi baƙi da man inji, suka shiga wani lungu. Duk hanyar Malama na tsara abin da za ta faɗa. Ta shirya faɗa sosai, irin wanda take yi wa iyayen da ba sa zuwa taro. Tun daga bakin lungun ake jin ƙarar guduma.

Tsakar gidan ƙarama ce, a share tas. A gefe guda batura ne jibge har rabin katanga, ga wata tukunyar ƙarfe a kan murhu, ga wani farin ruwa-ruwa yana bin gindin bango yana nutsewa a ƙasa, ɗan taku kaɗan daga bakin rijiyar. Abban yarinyar ya sauke ƙyallen da ya ɗaure hanci da shi, ya goge hannu a wando, ya ɗan rusuna.

"Malama ce da kanta? Sannu da zuwa. Yarinyar nan kullum zancenki take. Ta ce likita za ta zama, na ce in dai ina da hannun nan, sai ta zama. Allah ya saka miki da alheri." Ya nemi izini ya koma kan aikinsa, wai kada wutar ta mutu.

Faɗan da Malama ta tsara ya bi iska. Ta zo da shirin haɗuwa da mugu, ta tarar da mutum mai ƙonannun yatsu yana yi mata addu'a.

Umma ta fito daga ɗaki tana dafe da ƙugu, cikin ya tsufa sosai, fuskarta cike da fara'a. Ta jawo kujera ta kakkaɓe.

"Lale marhabin! Ke, ba za ki kawo wa malamarku ruwa ba? Kin tsaya kamar an dasa ki."

Yarinyar ba ta motsa ba. Umma ta yi tsaki na wasa, ta je da kanta ta ɗauko kofin baƙi mai murfi, ta ɗauraye, ta kamfato daga bokitin da ke bakin rijiya.

"Yanzun nan aka jawo shi, Malama, sanyi ƙalau. Duk layin nan ba rijiya irin tamu."

Malama ta karɓa da hannu biyu. Ruwan garau. Ta riƙe kofin, ta kasa kai shi baki, ta kasa ajiyewa. Fara'ar Umma ta fara raguwa.

"Ko kofin ne, Malama? Wallahi a wanke yake."

"A'a, ba haka ba ne, Mama."

"To kawo ki gani." Umma ta karɓe kofin tana dariyar da ba ta kai ciki ba, irin ta wanda aka ƙyamata a gidansa. Ta ɗaga shi za ta kai baki.

Yarinyar ta yi tsalle ɗaya ta riƙe wuyan hannunta. Ruwan ya watse a jikin zanin Umma, kofin ya faɗi yana ƙara a siminti.

"Umma, kar ki sha! Don Allah kar ki ƙara sha! Akwai guba a rijiyar nan, daga baturan Abba take. Mun gwada a makaranta, ni na kai ruwan."

Malama ba ta taɓa jin muryar yarinyar da ƙarfi haka ba. Gudumar ta tsaya. Abba ya juyo a hankali, ƙyallen na rataye a wuyansa. Bai dubi Malama ba, bai dubi 'yarsa ba. Ya dubi farin ruwan da ke bin gindin katanga, ya bi shi da ido har bakin rijiya, daga nan idonsa ya tsaya a kan cikin matarsa.

"Malama," ya ce, "abin yana kaiwa ga na cikin?"

Ta so ta ce a'a. Tun da take ba ta taɓa son yin ƙarya kamar a wannan lokacin ba.

"Yana kaiwa," ta ce. Ta juya ga yarinyar. "Ɗauko wa Ummanki takalminta, mu je a gwada jini."